Saudiyya da Indunusiya: abin da ke bayan dala biliyan 27

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan dangantakar Saudiyya da Indunusiya, saboda yadda kafofin labaranmu na Hausa suke ɗauko ta bai gamsar da ni ba. A watan Yulin 2025, lokacin da Shugaba Prabowo Subianto na Indunusiya ya gana da Yarima Muhammad bin Salman a Jidda, abin da aka yi ta maimaitawa shi ne an ƙulla yarjejeniyoyi na kusan dala biliyan 27. Aka karanta, aka wuce. Alhali ba a nan gizo ke saƙar ba. Ainihin abin da ya ɗaure ƙasashen nan biyu shi ne kujerar Hajji, da 'yar aikin gida, da gangar ɗanyen mai. A cikin waɗannan, duk inda Indunusiya ta fara gyara lissafinta a gida sannan ta je Riyad da takarda a hannu, ta samu biyan buƙata. Inda kuwa ta dogara da zumuncin addini kawai, ko ta yi fushi ta rufe ƙofa, talakanta ne ya ji a jikinsa.

Bari in fara da maganar biliyoyin, don a san yadda za a riƙa auna ta. A watan Maris na 2017 Sarki Salman ya kai ziyara Indunusiya da tawagar mutum kusan 1,500. Rabon da wani sarkin Saudiyya ya taka ƙasar tun zuwan Sarki Faisal a 1970, wato shekara 47. An sa hannu a takardun fahimtar juna 11, kuma babban abin da aka sa wa rai shi ne matatar man Cilacap da ke kudancin tsibirin Jawa, mai tace ganga 348,000 a rana. An shirya kamfanin man Saudiyya, Aramco, zai riƙe kashi 45, Pertamina na gwamnatin Indunusiya ya riƙe kashi 55, a zuba dala biliyan 5 zuwa 6 a ɗaga ƙarfinta zuwa ganga 400,000. Kafin a kafa kamfanin haɗin gwiwa irin wannan, dole a yi wa tsohuwar matatar kuɗi, domin ita ce jarin da mai gida yake shigowa da shi. A nan aka cije. Pertamina ya yi mata farashi mai tsada, Aramco ya ga ba ta kai ba, aka yi ta ɗage wa'adi, har a 2020 Pertamina ya sanar cewa zai ci gaba shi kaɗai. A cikin wannan tafiyar ta 2017 kuma, kwana kaɗan kafin sarkin ya sauka a Jakarta, Aramco ya amince da zuba dala biliyan 7 a matatar Pengerang ta Maleshiya, kuma ita an gina ta. Shugaban Indunusiya na lokacin, Joko Widodo, da kansa ya fito ya nuna takaicinsa kan ƙarancin jarin da ƙasarsa ta samu in an kwatanta da na Sin, har ya tuna wa jama'a cewa shi ya riƙe wa sarkin laima a cikin ruwan sama. Saboda haka, Malam Edita, in an kawo muku labarin yarjejeniya, ku tambaya: ta fahimtar juna ce ko ta ƙulla ciniki? An yi wa kadara kuɗi? Wa zai fara biya, kuma yaushe?

Cinikin da yake gudana a zahiri ya fi wannan sauƙin fahimta. Sanarwar bayan taron Jidda ta ce ya kai kimanin dala biliyan 31.5 a cikin shekara biyar, kuma Indunusiya ce da giɓi. Dalili shi ne tana haƙo ganga wajen 600,000 a rana, tana shan kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari shida. Tun wajen 2004 take sayo mai fiye da yadda take sayarwa, shi ya sa zamanta a OPEC ya ƙi daɗi: ta jingine kujerarta, ta dawo a farkon 2016, ta sake jinginewa kafin shekarar ta ƙare. Wani sashe na matatar Cilacap ma an ƙera shi ne musamman don ɗanyen man Saudiyya, daga shi ake fitar da kwalta da man juye. Ita kuma tana aika wa Saudiyya motocin Toyota da ake harhaɗawa a Karawang, da man ja, da kifin gwangwani, da takarda, da katako. Sai taliyar Indomie, wadda yaranmu suke ɗauka 'yar Najeriya ce. Asalinta Indunusiya, kuma an daɗe da kafa masana'antarta a Jidda. A 2020 kamfanin Indofood ya sayi rukunin Pinehill, mai yin ta a Saudiyya kuma mai hannun jari a kamfanin da ke yin ta a Najeriya, a kan kusan dala biliyan 3. Wannan ciniki ba a yi masa jan kafet ba, amma kuɗinsa ya shiga hannu.

Yanzu ga Hajji, inda nake so in daɗe, don nan ne abin ya shafe mu kai tsaye. Tun 1988 ƙasashen Musulmi suka amince a Amman cewa kowace ƙasa za ta samu kujera ɗaya ga kowane Musulmi dubu. Indunusiya ta fi kowa yawan kujeru. A da tana da 211,000, aka zaftare kashi 20 cikin ɗari daga 2013 zuwa 2016 saboda aikin faɗaɗa Harami, ta koma 168,800. A 2017 aka mayar mata har da ƙari, ta zama 221,000. A 2022, bayan annobar korona, 100,051 ta samu. A 2024 aka yi mata ƙarin 20,000, ta kai 241,000. Duk da haka masu jira sun haura miliyan biyar. A yankin Bantaeng na kudancin Sulawesi an kai lokacin da wanda ya yi rajista zai jira shekara 47.

Ga yadda layin yake tafiya. Maniyyaci zai je bankin Musulunci ya ajiye rupiya miliyan 25, wato wajen dala 1,500. Da takardar bankin zai je ofishin hukuma na yankinsa a shigar da shi cikin kwamfuta, a ba shi lambar layi. Wannan lambar ita ce komai. Da ita zai duba a wayarsa shekarar da ake sa ran zai tashi. In ya rasu ko ya kamu da ciwon da ba ya warkewa, doka ta yarda a mayar da ita ga matarsa, ko ɗansa, ko ɗan'uwansa. Idan shekararsa ta zo sai a kira shi ya cika ragowar kuɗi. Ana raba alhazai rukuni-rukuni, kowane rukuni cikin jirgi ɗaya, mutum 360 zuwa 450 gwargwadon girman jirgin, da shugabansu, da malaminsu, da likita, da ma'aikacin jinya. Kowa da awarwaron ƙarfe a hannu mai ɗauke da sunansa da lambar fasfonsa. Rabi suna fara sauka a Madina, rabi a Jidda, tafiyar duka kwana 40 ko 41. Wannan rajista ta kwamfuta an fara ta ne a tsakiyar shekarun 1990, bayan turmutsutsun ramin Mina na 1990 da ya kashe mutum 1,426, fiye da 600 daga cikinsu 'yan Indunusiya. Don tunawa da su ne aka gina asibitocin alhazai a Jakarta da Surabaya da Medan da Makassar.

Kuɗin ajiyar mutum miliyan biyar ba ƙaramin abu ba ne. Ya haura rupiya tiriliyan 160, kuma tun 2017 wata hukuma mai zaman kanta, BPKH, take juya shi, galibi a takardun sukuk na gwamnati, wato takardun lamuni irin na Musulunci, da ajiyar bankunan Musulunci. Ribar ce take rage wa mai tafiya nauyi. A 2024 kujera ta tashi a kan rupiya miliyan 93.4, alhaji ya biya miliyan 56, aka cike miliyan 37 da ɗoriya daga riba. Amma a nan akwai rami, kuma duk mai sha'awar asusun adashin gata ya kamata ya gan shi. Ribar ta kuɗin kowa ce, har da wanda zai jira shekara 30, amma ana kashe mafi yawanta a kan mutum 200,000 da suke tafiya bana. A 2022 abin ya fito fili: kwanaki kaɗan kafin fara jigila Saudiyya ta ninka kuɗin hidimar Mina da Arfa fiye da sau uku, alhazai sun riga sun biya wajen miliyan 40, sai da aka ɗebo ƙarin rupiya tiriliyan 1.5 aka toshe. Da shekara ta zagayo ma'aikatar addini ta nemi a ɗora wa alhaji miliyan 69, ƙasa ta ɗauki zafi, majalisa ta tsaya a kan miliyan 49.8. A 2024 majalisar malaman ƙasar ta yanke fatawa cewa haramun ne a ɗauki ribar mai jira a biya wa mai tafiya. A ganina malaman sun yi gaskiya. Haƙƙin wani ne, kuma in aka ci gaba a haka, wanda ke ƙarshen layi zai zo ya tarar da asusu ba ya iya ɗaukarsa. Gyaran shi ne a riƙa zuba wa kowa ribarsa a asusunsa kowace shekara, a kuma ɗaga abin da alhaji ke biya sannu a hankali, ba rana tsaka ba.

Wannan tsari na gida shi ya ba Indunusiya bakin magana a Riyad. Tun 2018 take cin gajiyar shirin Hanyar Makka, inda jami'an shige da fice na Saudiyya suke zuwa filin jirgin Jakarta, su ɗauki hoton yatsu, su duba biza da katin rigakafi, su buga fasfo tun kafin a hau jirgi. Jakunkuna ana manna musu lamba gwargwadon masauki. In an sauka, alhaji bas zai nufa kai tsaye, kayansa su same shi a otal. A 2024 aka ƙara filayen jirgin Solo da Surabaya. Saudiyya ba ta yin wannan sai da ƙasar da za ta iya miƙa cikakken jerin sunaye a kan lokaci, ta ware zaure a filin jirgi, ta kuma tabbatar cewa wanda ke cikin jerin shi ne zai hau. Kot Dibuwa ta shiga shirin, Maroko ma ta shiga.

Kada a ɗauka komai yana tafiya sumul. A 2023, shekarar da aka kwashe tsofaffin da korona ta tare, alhazan Indunusiya da yawa sun maƙale a Muzdalifa har rana ta take, babu inuwa, babu isasshen ruwa, saboda motocin da ke zirga-zirga zuwa Mina sun cushe a hanya. A wannan shekarar sun rasa fiye da mutum 770, adadi mafi yawa cikin shekaru masu yawa. Abin da ya burge ni shi ne matakin da suka ɗauka. Na farko, suka juya tsari: da can sai ka cika kuɗi a duba lafiyarka, yanzu sai likita ya tabbatar kana da iko kafin banki ya karɓi cikon kuɗinka. Na biyu, suka nemi fatawa suka kuma daidaita da hukumomin Saudiyya cewa tsofaffi da marasa lafiya da masu kula da su, fiye da mutum 50,000, za su ratsa Muzdalifa a cikin mota ba tare da sun sauka ba, a wuce da su Mina. A 2024 mamatan ba su kai 500 ba.

A 2025 kuma wata matsalar ta ɓullo, kuma ita ma darasi ce. Da can kamfanin hidima ɗaya na Saudiyya suke ɗauka. Don a samu gasa sai suka raba aikin ga kamfanoni takwas. Amma an riga an harhaɗa rukunonin jirgi bisa garuruwa, ita kuma biza da katin Nusuk, wato katin shaidar alhaji, kowanne yana ɗaure da kamfaninsa. Da aka isa Makka, masauki bisa kamfani ake bayarwa. Sai ga miji a wannan otal, mata a wancan, tsoho a nan, ɗan da ke tura kekensa a can. Katin Nusuk na wasu ya yi jinkiri, kuma babu shiga Harami sai da shi. Laifin ba na yawan kamfanoni ba ne, na jeranta aiki ne: kamata ya yi a fara raba mutane ga kamfani, iyali guda a wuri guda, sannan a cika jirgi. A shekarar ce kuma Saudiyya ba ta fitar da bizar alfarma da kamfanonin jirgin yawo suke sayarwa a wajen kason ƙasa ba, mutane da yawa da suka biya maƙudan kuɗi suka zauna a gida. Ƙarin kujeru 20,000 na 2024 ma ya jawo rigima, domin doka ta ce kashi 92 na talakawa masu layi ne, kashi 8 na 'yan jirgin yawo, amma aka raba ƙarin biyu daidai. Majalisa ta kafa kwamiti, hukumar yaƙi da cin hanci ta buɗe bincike. Kafin 2025 ta ƙare an cire aikin Hajji daga ma'aikatar addini an kafa masa ma'aikata ta kansa.

Dogon layi yana haifar da 'yan damfara. A 2016 aka kama 'yan Indunusiya 177 a filin jirgin Manila da fasfon Filifin, za su tafi Hajji da kason wata ƙasa. Wanda ya gaji da jira kuma sai ya koma Umara, shi ya sa fiye da mutum miliyan ɗaya suke zuwa a shekara. Kamfanin First Travel ya riƙa sayar da Umara a kan rupiya miliyan 14.3, ƙasa da abin da tikiti da otal suke ci, yana ɗaukar kuɗin sababbi yana tura tsofaffi. Da ya rushe a 2017, mutum kimanin 63,000 suka rasa kuɗinsu, rupiya biliyan 905. Bayan nan gwamnati ta sa farashin ma'auni na miliyan 20, wanda ya sayar ƙasa da haka sai ya yi bayani. Alamar da za a riƙe ita ce: araha fiye da kima, tare da cewa ka biya yau ka tashi baɗi.

Sai ɓangaren da ya fi ciwo, wato 'yan aikatau. Tun shekarun 1980 mata daga ƙauyukan Jawa da Lombok suke tafiya aikin gida a Saudiyya, har suka kai ɗaruruwan dubbai. A ƙarƙashin tsarin kafala, igamar 'yar aiki tana ɗaure da sunan mai gida. Sau da yawa fasfonta yana hannunsa. In ta gudu saboda duka ko rashin albashi, zai kai rahoto cewa ta tsere, daga ranar ta zama mai laifi, ƙarshenta gidan tarhil. A watan Yunin 2011 aka zartar wa wata 'yar aiki hukuncin kisa a Makka bisa kashe uwar ɗakinta, ofishin jakadancin ƙasarta bai sani ba sai bayan an gama. Jakarta ta dakatar da tura ma'aikata daga watan Agusta. A Afrilun 2015 aka kashe wasu mata biyu a cikin mako ɗaya, nan ma ba sanarwa, sai gwamnati ta haramta tura 'yan aikin gida zuwa ƙasashe 19 na Gabas ta Tsakiya. A Oktoban 2018 aka sake kashe wata ba tare da sanarwa ba.

Me ya sa ba a sanarwa? Yarjejeniyar Biyena ta 1963 ta wajabta a sanar da ofishin jakadanci idan an kama ɗan ƙasa kuma ya nemi a sanar, amma ba ta wajabta sanarwa kafin zartar da hukunci ba. Sai ƙasashe biyu sun ƙulla tasu yarjejeniyar ta musamman, kuma ita Indunusiya ta daɗe tana nema. Muhimmancin sanarwa da wuri shi ne a shari'ar ƙisasi rai yana hannun magada. Sarki ba ya yafe haƙƙin wani. Abin da ke ceton mutum shi ne lauya da tafinta tun ranar farko a wurin 'yan sanda, kafin ya sa hannu a kan ikirarin da bai iya karantawa ba, sannan masu shiga tsakani da za su roƙi magada. In sun yarda da diyya, su ke yanka kuɗin. A 2011 an biya riyal miliyan 2 aka ceci wata. A 2014 an biya miliyan 7 a kan wata, gwamnati da masu taimako suka haɗa. Wannan ya sa wasu a Jakarta suke ƙorafi cewa biyan irin wannan kuɗi yana ɗaga farashi ga na baya. Ƙorafin yana da tushe, amma ban ga yadda gwamnati za ta kalli rai tana lissafin na gaba ba.

Haramcin kuwa gudun gara ne aka faɗa gidan zago. Buƙata tana nan a gidajen Saudiyya, talauci yana nan a ƙauye, sai dillalai suka koma fitar da mata da bizar ziyara ko ta Umara, ko da sunan masu shara a kamfani. Wadda ta tafi ta wannan hanya ba ta da kwantiragi, ba ta da inshora, sunanta ba ya cikin kundin ofishin jakadanci. Tun kafin haramcin na 2015 an ga girman matsalar: a Yunin 2013, lokacin afuwar da Saudiyya ta yi wa marasa takardu, dubban mutane suka yi dafifi a ƙaramin ofishin jakadancin Indunusiya da ke Jidda suna neman takardar komawa gida, aka yi hargitsi, aka cinna wuta, mace ɗaya ta rasu. A 2018 ƙasashen biyu suka sa hannu a wani tsari na ƙofa ɗaya, inda kamfani ne zai zama uban gidan ma'aikaciya a maimakon mutum ɗaya, a riƙa biyan albashi ta banki, amma an yi ta jan ƙafa wajen aiwatarwa. A Maris na 2025 gwamnatin Prabowo ta bayyana niyyar ɗage haramcin, ana maganar guraben aiki 600,000 da albashin da bai gaza riyal 1,500 ba. Ra'ayina shi ne a buɗe ƙofar, amma da sharuɗɗa rubutattu: fasfo da waya a hannun mai su, kwantiragi cikin harshen da take ji, albashi ta banki, damar sauya gida ba tare da izinin wanda ake ƙara ba, da sanar da jakada cikin kwanaki ƙididdigaggu idan an kama ta. Duk wanda ya san unguwanninmu a Kano ko Katsina ko Maraɗi ya san wannan labarin ba baƙo ba ne. 'Yan'uwanmu mata suna bin wannan hanyar ta bizar ziyara, ta hannun ejan, kuma in abu ya ɓaci iyaye ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba.

A fagen ilimi alaƙar ta girmi ƙasashen biyu. Saudiyya ta amince da 'yancin Indunusiya a 1947, aka ƙulla huldar jakadanci a 1950, amma tun ƙarnoni kafin nan mutanen tsibiran suke zaune a Makka, ana kiransu Jawa, kamar yadda ake kiran namu Takari. Shehu Nawawi al-Bantani, wanda ya rasu a 1897, ya karantar a Harami, kuma har yau ana karanta littattafansa a makarantun allon Jawa. Shehu Ahmad Khatib na Minangkabau ya yi limanci a Harami a mazhabar Shafi'i, kuma a gabansa Ahmad Dahlan da Hashim Ash'ari suka yi karatu. Na farko ya kafa Muhammadiyya a 1912, na biyu ya kafa Nahdatul Ulama a 1926, ƙungiyoyin da suka fi kowace girma a ƙasar. Kafuwar Nahdatul Ulama ma tana da nasaba da Hijaz, domin malaman sun haɗu ne don tura wakilai wurin Sarki Abdul'aziz su roƙi a bar mazhabobi huɗu su ci gaba a Harami. Daga 1980 kuma Saudiyya ta buɗe cibiyar LIPIA a Jakarta, reshen Jami'ar Imam Muhammad bin Sa'ud, karatu kyauta da Larabci, kuma muhawarar da ɗalibanta suka tayar da malaman gargajiya ba sai na yi wa mai karatun Hausa bayaninta ba. Bishiyoyin dogon yaro da alhazanmu suke fakewa a ƙarƙashinsu a Arfa, 'yan Indunusiya bishiyar Sukarno suke ce musu, don tunawa da shugabansu na farko da ya yi Hajji a 1955.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne waƙafin mutanen Aceh, wani lardi a arewacin tsibirin Sumatra. Fiye da shekara 200 da suka wuce wani bawan Allah daga can ya sayi gida kusa da Ka'aba ya yi waƙafinsa ga alhazan yankinsu, aka rubuta a gaban alƙalin Makka. Daular Usmaniyya ta wuce, mulkin Sharifai ya wuce, faɗaɗa masallaci ta cinye gidan, aka biya diyya, masu kula da waƙafin suka sayi wasu filaye aka gina otal-otal. Har yau kowane alhajin Aceh, su fiye da 4,000 a shekara, yana karɓar rabonsa a hannu a Makka, riyal 1,500 a 2024. Takarda ɗaya da aka rubuta da kyau ce ta yi wannan. Shi ya sa nake ganin neman da Prabowo ya yi na a ba ƙasarsa wurin gina unguwar alhazanta a Makka ya fi yawancin abin da ke cikin biliyan 27 ɗin nan amfani, tun da masauki da jirgi su ne suke cinye mafi yawan kuɗin kujera.

A siyasa kowa ya san iyakarsa. Indunusiya ba ta shiga ƙawancen soji da Saudiyya ta sanar a Disambar 2015 ba, saboda aƙidarta ta ƙin shiga ƙawancen yaƙi, ko da yake Najeriya ta shiga. A Afrilun shekarar, harin sama a kan wani rumbun makamai a San'a ya lalata ofishin jakadancinta, ta yi ƙorafi. A Janairun 2016, da aka yanke hulɗa tsakanin Riyad da Tehran, ministar harkokin wajenta Retno Marsudi ta kai wasiƙa ga ɓangarorin biyu. Duk wannan bai rage mata kujera ko ɗaya ba, a 2017 ma ƙari ta samu.

Mu tamu matsalar ta sha bamban. Najeriya tana da kujeru 95,000 a 2024 da 2025, ba ta cike su ba saboda tsada da faɗuwar naira, kujera ta haura naira miliyan 8. Amma tun bayan Hajjin 2023 Saudiyya ta sanar cewa babu ƙasar da ke da wuri na dindindin a Mina, wanda ya riga kammala kwantiragi shi zai riga zaɓar wuri. Ƙasar da kuɗin alhazanta yake ajiye shekaru kafin tafiya tana iya biya a ranar da aka buɗe. Mu kuwa da muke tattara kuɗi ana saura 'yan watanni, muna ƙara wa'adi sau biyu sau uku, sai abin da ya rage. Hukumar NAHCON ta ƙaddamar da asusun adashin gata tare da bankin Jaiz a 2020. Ina roƙon jaridarku ta tura wakili ya tambayi hukumar, da hukumomin alhazai na jihohi, da COHO ta Nijar: mutum nawa ne suke cikin asusu, a ina ake juya kuɗin, a naira yake ko wani kaso a dala, ribar wa ake rubuta wa, kuma wace rana aka biya kuɗin tantunan Mina na bana? A kuma tambayi ma'aikatar harkokin waje ko akwai rubutacciyar yarjejeniya da Saudiyya ta sanar da jakadanmu idan an kama ɗan ƙasa, da adadin lauyoyi da tafintocin Hausa da ofishinmu na Jidda yake da su. In an samu amsoshin, a buga su kafin a fara karɓar kuɗin kujerar baɗi.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Wassalam,
Mai bibiyar harkokin Hajji da ƙwadago, daga Kano